Yadda Mai Masana'anta Zai Rage Shara, Ya Sayar da Ita, Ya Kuma Nemi Tallafin Gwamnati

Bayan kowace masana'anta akwai wani lungu da ba a kai baƙo. A can ake jibge ledar da inji ya yanka ba daidai ba, da kwalayen da ruwa ya jiƙa, da jarkokin baƙin mai, da buhunan da suka yage. In tulin ya kai maƙura sai a kira mai tifa a biya shi ya kwashe, ko a jira magariba maigadi ya cinna wuta. Duk wanda ya saba bi ta Sharaɗa, Bompai, Challawa ko Dakata a Kano da yamma ya san wannan hayaƙi da warinsa.

Wannan bayani na mai ƙarama ko matsakaiciyar sana'a ne a Najeriya: gidan ruwan leda, injin casar shinkafa, kamfanin roba, maɗaba'a, babban gareji, ko wurin ɗinki mai kekuna da yawa. Tambayar da irinsu suka fi yi ita ce, wai da gaske gwamnati na ba da tallafi a kan shara? Tana bayarwa, amma ba irin rabon taki ba da za ka shiga layi ka fito da buhu a ka. Yana zuwa ne a matsayin dokar da ta ɗora wa manyan kamfanoni nauyin sharar kayansu, da rancen sayen inji mai sauƙin sharuɗɗa, da horo, da takardun da ke sa manyan masu saye su yarda da kai. Kowace ƙofa ka ƙwanƙwasa kuwa, tambaya ɗaya za ta tare ka: sharar taka nawa ce, kuma ina aka rubuta?

Mataki na farko: sikeli da littafi

Kafin ka taka ƙafa zuwa kowane ofis, sayi sikeli mai ƙugiya irin na 'yan gwangwan, ko na ƙasa in sharar taka mai nauyi ce, ka haɗa da littafi mai kauri. Ja layi biyar: kwanan wata, irin sharar, nauyinta, daga wane inji ko sashe ta fito, da inda ta tafi. Ɗora wa mutum ɗaya aikin, ka ƙara masa ɗan wani abu a kan albashi, domin in ka ce kowa ya riƙa rubutawa, ba wanda zai rubuta. A auna kullum lokacin tashi har mako huɗu a jere. Mako ɗaya bai isa ba, saboda akwai makon da wuta ke zama, akwai wanda ake wuni a kan janareta, kuma shararsu ba ɗaya ba ce.

Na ga amfanin wannan da idona a gidan ruwan wani ɗan'uwana. Inji uku ne ke buga ledar, kuma kullum da yamma ana share tarin wadda ta fashe ko bakinta bai kama ba. Da aka fara aunawa, sai ga shi yawancin ɓarnar daga inji ɗaya take fitowa, kuma a wani lokaci na musamman: duk sa'ad da aka ɗauke wuta aka koma janareta. Ashe ƙarfen da ke liƙe bakin ledar kan huce a 'yan mintunan nan, yaron da ke kan injin kuma ba ya jira ya sake ɗaukar zafi, sai ya ci gaba da bugu. Da aka tambaye shi, cewa ya yi, "Alhaji, ai haka injin yake tun da aka kawo shi." Ba injin ba ne. Aka ce ya riƙa jira har ma'aunin zafin ya koma inda yake, tarin ya ragu ƙwarai ba tare da an kashe ko sisi ba. Shekaru ana zargin mai kawo ledar da sayar da maras kyau.

Mataki na biyu: rage ta tun daga tushe

Mutane kan yi ɗokin sayar da shara su manta da cewa asara ce tun farko. Kilo ɗaya na sabuwar leda da ka saya ya ninka abin da mai sayen tarkace zai ba ka a kan kilo ɗaya na lalatacciya, ban da wuta da ladan aiki da ka riga ka zuba. Don haka duba littafinka, ka ɗauki abubuwa biyu da suka fi nauyi, ka bi sawunsu.

In kwali ne, ɗora shi a kan katako, nesa da bango da inda rufi ke yoyo. In durom ne ko jarkar sinadari, yi magana da mai kawo maka kaya ya riƙa karɓar fanko yana rage maka farashi; da yawa suna yarda, ba a dai tambayarsu ne. Mai yanka yadi ko fata ya zauna da babban mayankinsa su sake tsara yadda ake shimfiɗa zane kafin a sa almakashi. Mai casar shinkafa ya duba danshin shanshera kafin ta shiga inji, don wadda ta bushe fiye da kima ita ke karyewa.

Mataki na uku: rarrabewa, inda kuɗin yake

Sharar masana'anta ta fi ta bola daraja saboda dalili ɗaya: tsabta. Ba ta haɗu da ruɓaɓɓen abinci da ƙasa da ruwan kwata ba. Ranar da ka bari aka cakuɗa ta wuri ɗaya, ka mayar da ita ta bola da hannunka. Ware wuri mai rufi, ka raba shi da buhunan jambo ko durom da aka yanke, kowanne da fenti kala daban, saboda ba kowane lebura ne zai tsaya karanta rubutu ba.

Roba ita ta fi ruɗa mutane. Juya gindin mazubi, za ka ga lamba a cikin wata alama mai kusurwa uku. Lamba 1 ita ce gorar ruwa da ta lemo. Lamba 2 ita ce ta jarka da galan. Lamba 3 ita ce ta bututun ruwa da makamantansa. Lamba 4 ita ce leda mai laushi, lamba 5 kuma ta bokiti, kujera da buhun saƙa. Kowace da zafin da take narkewa, shi ya sa masu niƙa ba sa son gauraye. Mai lamba 3 ce muguwa: kaɗan daga cikinta in ta shiga cikin gora tana iya ɓata lodi gaba ɗaya, a dawo maka da kaya ko a karya farashi. Murfin gora ma ba jinsinsu ɗaya da gorar ba. In aka niƙa aka zuba a ruwa, gorar nitsewa take yi, murfin ya taso sama, kuma da haka masu wanki ke raba su. Ka cire murfin tun a wurinka, ka raba fara da mai kala, domin fara ta fi tsada.

Ƙarfe kuwa, mayen ƙarfe kawai kake buƙata. Abin da ya kama baƙin ƙarfe ne. Abin da bai kama ba, irin su jan ƙarfe da alminiyom, a ware shi a kulle, don shi ne mai tsada kuma shi ke yin ƙafa. Kwali da takarda su zauna a bushe, a ɗaure. Ƙyallayen yadi suna da masu saye don cusa matashi da katifa da goge inji.

Mai casar shinkafa kada ya raina ɓuntu. Dusa dai kowa ya san kasuwarta wajen masu kiwo, amma ɓuntu da ake tarawa tsibi-tsibi ana ƙonawa yana shiga shimfiɗar kaji, ana matse shi ya zama makamashin girki a madadin itace, ana hura tukunyar turara shinkafa da shi, kuma manyan kamfanonin siminti irin su Dangote da Lafarge sun fara amfani da ragowar amfanin gona irin wannan wajen hura wutar murhunsu. Haka ɓawon gyaɗa da garin katako.

Mataki na huɗu: abin da ba a wasa da shi

Akwai sharar da ba a sayar wa duk wanda ya zo da kura. Tsohon batir na mota ko na sola, baƙin mai, ragowar fenti da sinadarai, matattun kayan lantarki, da dagwalon majema da na rini duk suna cikinta. Najeriya ta koyi darasin wannan a 1988, lokacin da aka gano dubban durom na guba da aka kawo daga Italiya aka jibge a garin Koko, a jihar Delta ta yanzu. A shekarar aka yi dokar shara mai cutarwa, wadda hukuncinta ya kai ɗaurin rai da rai, kuma har yau tana nan.

Batir ya fi damuna, domin yanzu kowane shago da gida na da sola, kuma kowane batir ranar mutuwarsa na zuwa. Akwai masu fasa shi da gatari a bayan gida, su tsiyayar da ruwan a ƙasa, su narka dalmar a fili. Wanda ya tuna abin da dalma ta yi a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda ɗaruruwan yara suka rasu sanadin ƙurar dutsen zinare mai ɗauke da ita, ba zai so a yi wannan aiki kusa da rijiyarsa ba. Ajiye batir a tsaye, a kan daɓen siminti, ƙarƙashin rufi, kada ka zubar da ruwansa, ka miƙa shi ga mai tattarawa da ke da rajista kawai, ka karɓi rasit. Baƙin mai a tara a durom mai murfi, kada ya ga kwata. Dagwalo kuma aikin masani ne: sai an gwada shi a ɗakin gwaji an san abin da ke ciki kafin a tsara ramukan tace shi. Manoman da ke ban-ruwa a gefen kogin Challawa da rafin Jakara su ne ke karɓar abin da aka saki ba a tace ba, mu kuma mu saye shi a kasuwa a cikin latas da kabeji.

Mataki na biyar: takardu

Nan ne da yawa ke karaya, alhali yawancin aikin na zama ɗaya ne ko biyu. Yi wa sana'arka rajista da hukumar rajistar kamfanoni, CAC, ko da sunan kasuwanci ne kawai. Ta intanet ake yi. Samu lambar haraji. Buɗe asusun banki da sunan sana'ar, kuma duk kuɗin sharar da ka sayar su riƙa shiga ta nan, ba aljihun manaja ba. Yi rajista da SMEDAN, hukumar bunƙasa ƙanana da matsakaitan sana'o'i, domin ta hanyarta ake sanar da horo da shirye-shirye da dama.

Daga nan sai hukumar muhalli ko ta shara ta jiharka: REMASAB da ma'aikatar muhalli a Kano, KEPA a Kaduna, BASEPA a Bauchi, JISEPA a Jigawa, AEPB a Abuja, LAWMA a Legas. Je da ƙafarka kafin su zo da tasu. Rubuta wasiƙa gajera ka bayyana abin da kake sarrafawa da irin sharar da kake fitarwa, ka nemi a gaya maka a rubuce izinin da ya shafe ka da kuɗinsa. Ka yi kwafi biyu, a buga maka hatimin karɓa a kan ɗaya ka dawo da shi. Duk kuɗin da za ka biya, ya shiga asusun gwamnati, a ba ka rasit.

A matakin tarayya akwai NESREA, hukumar tabbatar da bin dokokin muhalli da aka kafa a 2007, kuma tana da ofisoshi a jihohi. Ƙa'idojinta sun nemi masana'anta ta gabatar da rahoton binciken muhalli duk shekara uku, wanda ƙwararren da hukumar ta amince da shi zai shirya. Nemi jerin sunayen waɗannan ƙwararru daga hukumar kanta. In sabuwar masana'anta babba za ka gina, dokar 1992 ta auna tasirin aiki ga muhalli tana iya hawa kanka, kuma ma'aikatar muhalli ta tarayya ce ke kula da wannan. Littafin nan naka na mataki na farko zai rage wa ƙwararren aiki, ya kuma ba ka bakin yin ciniki a kan ladansa.

Mataki na shida: mai saye

'Yan jari bola da dilolinsu su ne ƙashin bayan wannan harka tun kafin gwamnati ta san da ita. Wanda ya shiga Kofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ya san ba abin da ake yarwa. Kira uku ko huɗu su ga kayan, kowa ya faɗi farashinsa a kan kilo, a auna da sikelinka a gabanka. In kayanka na da yawa kuma a kai a kai suke fita, tsallake dillali ka nemi masu niƙa ko masu narkawa kai tsaye, ku yi yarjejeniya a rubuce: wane iri, wane tsabta, yaushe za a ɗauka, yaushe za a biya.

Kowane lodi ya fita da takarda mai ɗauke da nauyi, lambar mota da sa hannun mai karɓa. Tana kare ka ta fuska biyu. Ita ce shaidarka a gaban hukuma cewa ba kwata ka zuba ba, ita ce kuma kariyar direba a hanya, tun da satar wayoyin lantarki da murafen kwalbati ta sa jami'an tsaro sun sa wa duk motar tarkace ido. Masu wannan sana'a suna da ƙungiya, NASWDEN, kuma hulɗa da ɗan ƙungiya ta fi kwanciyar hankali. In wani ya zo da zancen fitar da tarkacen ƙarfe waje, ka sani yana cikin jerin kayan da aka hana fitarwa daga ƙasar.

Mataki na bakwai: ƙofofin tallafi

Ƙofa ta farko ita ce tsarin da ake kira EPR, wanda NESREA ke kula da shi. Ma'anarsa a taƙaice: wanda ya ƙera kaya ko ya shigo da shi, alhakin mazubin da gawar kayan na wuyansa har bayan an sayar. Tun da kamfani ba zai iya bin kowace gora cikin kwata ba, sai kamfanonin fanni ɗaya su haɗu su kafa ƙungiya, su zuba kuɗi, ita kuma ta tallafa wa masu tattarawa da masu sarrafawa. Ta ɓangaren abinci da abin sha ita ce FBRA, da aka kafa a 2018. Ta kayan lantarki ita ce EPRON, ta batir kuma ARBR. Kana iya kasancewa a ɗayan ɓangare biyu. In kai ke zuba kaya a leda ko gora kana kai wa kasuwa, kai mai ƙera kaya ne a idon doka, kuma rajista ta hau kanka. In kuwa tattarawa ko niƙa kake yi, ko kana shirin farawa, to kai ne wanda aka tara kuɗin dominsa. Rubuta musu, ka haɗa da takardar CAC, hotunan wurinka, da jimillar abin da ka tattara wata-wata. Gaskiya ayyukansu sun fi yawa a Legas da kewaye, amma wani ɓangare na dalilin shi ne can ne masu tattarawa suka fi zuwa da lissafi a rubuce. Mu nan aikin muke yi tuƙuru, rubutun ne babu.

Kada kuma mai leda ya ɗauka wannan magana ta nesa ce. Gwamnatin tarayya ta amince da manufar ƙasa kan sharar roba a 2020, jihar Legas ta haramta mazubin abinci na soso a Janairun 2024, kuma a shekarar aka hana amfani da robar da ake yarwa bayan amfani ɗaya a ofisoshin gwamnatin tarayya. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka san abin da ake yi wa naka.

Ƙofa ta biyu ita ce rancen inji. Bankin Masana'antu, BOI, wanda aka kafa a 2001, aikinsa ke nan, kuma yana da ofisoshi a jihohi. Abin da za ka nema ya zama takamaimai: injin niƙa roba, injin matse kwali da gora su zama dila, injin curin ɓuntu, ko kayan tace dagwalo. Za a nemi tsarin kasuwanci, takardar farashi daga mai sayar da injin, bayanan asusunka na banki, da jingina ko masu tsaya maka. A bisa al'ada mai injin ake biya kai tsaye, don haka wanda ke lissafin zai ɗan gutsura ya yi wata hidima ya sake tunani. Bankin Raya Ƙasa, DBN, da ya fara aiki a 2017, shi ba ya ba mutum rance hannu da hannu. Ta bankunan kasuwanci da na ƙananan rance yake bi, sai ka tambayi naka bankin ko yana cikin masu hulɗa da shi. Wanda ke gudun kuɗin ruwa ya je bankunan da ba sa ta'ammali da shi, irin su Jaiz da TAJ, ya tambayi tsarin murabaha ko ijara, inda banki ke sayen injin ya sayar maka ko ya ba ka haya.

A tsarin kasuwancin, bar dogon zance kan kare muhalli. Ma'aikacin banki abu huɗu yake nema: kilo nawa kake samu a wata, wa zai saya, a kan nawa, kuma me zai rage bayan wuta da albashi da gyara. Haɗa da wasiƙa daga mai saye da ke cewa zai riƙa karɓa. Kuma ka yi lissafin wuta da gaske, kamar rabin aikin a kan dizal za a yi shi, domin injin niƙa ba ƙaramin ci gare shi ba, kuma nan ne irin wannan sana'a ta fi durƙushewa.

Ƙofa ta uku ta ilimi ce. Hukumar binciken albarkatun masana'antu, RMRDC, aikinta ne gano abin da za a iya yi da kayan cikin gida, har da ragowar masana'antu, kuma tana da ofisoshi a jihohi. Jami'o'i da kwalejojin fasaha na kusa da kai suna da ɗakunan gwaji da ɗaliban da ke neman matsalar gaske da za su yi bincike a kai. Ƙungiyar masu masana'antu, MAN, da cibiyar ciniki ta jiharka, kamar KACCIMA a Kano, su ne ke fara jin labarin sabon shiri, musamman wanda hukumomin ƙasashen waje ke haɗa hannu da gwamnati a kai.

In sharar taka ba ta kai ta ciyar da inji ita kaɗai ba, duba maƙwabta. Gidajen ruwa biyar a layi ɗaya, ko 'yan kasuwar da ke fasa dila a Kantin Kwari suna tara kwali da leda kullum, in suka yi rajistar ƙungiyar gama kai za su iya neman inji ɗaya, su kuma cika mota ɗaya maimakon kowa ya sayar da ɗan buhunsa a wulaƙance. A rubuta tun ranar farko wa ke riƙe da makulli, wa ke riƙe da littafi, kuma kada su zama mutum ɗaya.

Mataki na takwas: bibiya, da masu cewa sun san wani a ciki

Da zarar an ji kana neman tallafi, za su fito. Wani zai turo saƙo ta WhatsApp da tambarin gwamnati a kai, ya ce a biya kuɗin fom ta asusun wani mutum. Wani zai zo da babbar riga ya ce, "Ranka ya daɗe, ai fayil ba ya tafiya da kansa." Kada ka tura kuɗi asusun mutum, kada ka ba kowa lambar sirrin da banki ya turo maka, kuma duk shirin da ka ji, tabbatar da shi a ofishin hukumar ko a shafinta na intanet.

Abin da ke tafiyar da fayil shi ne ka san lambarsa da teburin da yake. Ranar da ka miƙa takardu, rubuta kwanan wata, lambar da aka ba ka da sashen da ya karɓa a bayan littafin nan na sikeli. Koma bayan mako biyu ka tambayi abin da ya rage. In an ce wata takarda ta gaza, nemi a rubuta maka sunanta, ka kawo ta a makon. Duk zuwan da za ka yi, tafi da sabon shafin awo na watan da ya wuce, a ƙara a cikin fayil ɗin.